Kafin Inna Ta Saida Ragonta: Magana Kan Kwamfutar Zane Da Wasan Gem



Iyayenmu da suka ba mu wannan fili, malamanmu, yayyena da ƙannena ƴan Guci, da waɗanda suka taso daga Dungas da Magarya, barkanmu da warhaka. Allah ya saka wa kowa da alheri.

An ce in yi magana kan kwamfuta, ko ordinater kamar yadda muka saba faɗi. Na san akwai mai cewa a ransa: ana batun tsadar hatsi, ana batun rashin aikin yi, mi ya kawo zancen ordinater? To ga dalili. Duk shekara yaranmu suna cin bak, wasu su tafi Jami'ar André Salifou a Damagaram, wasu Yamai, wasu su tsallaka Kano. Da yawansu yanzu zane suke so su koya: afish, tambarin kamfani, bangon littafi, haɗa bidiyo. Sana'a ce mai kyau, ana kuma cin abinci da ita. Sai dai yaro bai rufa wata biyu ba zai bugo waya gida ya ce karatun ba ya yiwuwa sai da babbar kwamfuta. Daga nan sai rago ya tafi kasuwar Maigatari, ko a fidda riɗin da aka aje, ko a taɓa kuɗin adashen inna, ko a kira yaya da ke can yana fama a Libiya. Kuɗin gumi ne, shi ya sa zancen ya shafe mu duka.

Mu fara da lissafi. Kwamfutar da ake kira ta gem, sabuwa, mai katin hoto irin RTX 4060, a Turai ma kuɗinta na kaiwa wajen yuro dubu. Yuro guda kuwa sefa 655 ne da ɗoriya, wato jika ɗari shida da hamsin da biyar ke nan, ba a sa kuɗin ɗauko ta ba, ba a sa duwan ba, ba a sa ribar mai shago ba. Albashi mafi ƙaranci a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. In kun raba, za ku ga ma'aikaci mai wannan albashi sai ya yi wata goma sha biyar da rabi bai ci ba bai sha ba kafin ya haɗa kuɗin. Wanda zai nemi irin wannan daga gida ya kamata ya san abin da yake nema, ya kuma san dalili.

Abu na farko shi ne gaskiya tsakanin yaro da iyayensa.

Ni ba na cikin masu zagin gem. Muna buga eFootball a fada, muna shan shayi, muna ihu, babu laifi. A duniya ma akwai masu ci da iyalinsu da wasan nan. Amma ƙanena, zane daban, gem daban, kuma abin da kowanne yake buƙata a jikin na'ura ba ɗaya ba ne. Gem yana son katin hoto mai ƙarfi da ekran mai saurin juya hoto, irin mai 144Hz. Zane yana son ekran mai faɗin gaskiyar launi, da RAM mai yawa, da ma'ajiya mai sauri. Mai aikin Photoshop, Illustrator ko CorelDRAW ba ruwansa da 144Hz, hoton da yake gyarawa a tsaye yake, ba gudu yake ba. Inda su biyun suke haɗuwa shi ne zanen 3D irin na Blender da haɗa bidiyo mai nauyi. A nan kam katin hoto yana rage maka awoyi na jira.

Saboda haka kafin ka bugo waya gida, je ka tambayi malaminka da ƴan ajin da ke gabanka: waɗanne manhajoji za mu yi aiki da su bana da baɗi? In babu 3D a ciki, to rabin kuɗin da kake nema na wasa ne. In kana so, nemi abinka, yi aikin hutu ka cika. Amma kada ka sa wa wasa rigar karatu ka kai wa tsohuwar da ba ta san bambancin ba. Ta yarda da kai ne don kai ka yi lakkwal. Amana ce.

Abu na biyu, mi ake dubawa a cikinta?

Ku fara da ƙwaƙwalwar, wato furosesa. Nan ne aka fi cutar mutane. Mai shago zai ce maka “ai wannan i7 ce”, kai kuma ka ji bakwai ta fi biyar, sai ka miƙa kuɗi. Tsaya ka karanta lambar da ke bayan sunan. In ka ga i7-6600U, wannan zubi na 6 ne, na wajen 2015, injin aikinsa biyu ne kacal a ciki. In ka ga i5-12450H, zubi na 12 ne, na 2022, injinsa takwas. Wannan i5 ɗin ta yi wa waccan i7 nisa ƙwarai. Harafin ƙarshe ma yana magana: U na nufin mai tsimin wuta, H na nufin mai ƙarfi da cin wuta. Ryzen 5 da Ryzen 7 na kamfanin AMD su ma suna da kyau, kada sunan ya ba ku tsoro. Kuma ku riƙe wannan: tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ya hawa Intel da ke ƙasa da zubi na 8. Duk wadda ta gaza haka, ko an ce maka araha ce, ka san tsohuwa ka ɗauko.

Sai RAM. Shi ne teburin aikinka. In tebur ya yi ƙanƙanta, kayan sai su riƙa zubewa, na'ura ta riƙa sanƙarewa. Giga 8 yana buɗe Photoshop, amma Adobe da kansa 16 yake ba da shawara. Ku nemi 16. In kuɗi bai kai ba, ku ɗauki mai 8 wadda ke da gurbin ƙari, domin wasu an like musu RAM a jikin allo, ba a ƙarawa har abada. Tambaya ce ta minti guda, tana cetar ka shekara uku.

Sai ma'ajiya. SSD kawai, kada ku yarda da tsohon faifai mai juyawa a matsayin babbar ma'ajiya. Giga 512 ya wadatar da ɗalibi. Mai gem ya sani wasa guda irin GTA V na cin wajen giga ɗari.

Sai ekran, kuma ga mai zane nan ne zuciyar maganar. Yawancin kwamfutocin gem masu sauƙin kuɗi a ekran ake rage musu tsada. Za ka ga an rubuta 45% NTSC a takardarta. Ma'anarsa ba ta nuna maka ko kashi biyu cikin uku na launukan da ake aiki da su a intanet. Ja ya koma kamar ruwan goro, kore ya dushe. Kai kana ganin ka gyara launi, mai aiki ya buɗe a wayarsa ya ga wani abu daban. Ka yi wa amarya katin biki, a buga, ta ce wannan ba launin ankonta ba ne, wa zai biya takardar? Abin da za ku nema shi ne IPS, da 100% sRGB ko kusa da haka. Tsakanin kwamfuta mai babban katin hoto da mummunan ekran, da mai matsakaicin kati da ekran na gari, ɗalibin zane ta biyun zai ɗauka.

Katin hoton shi ne na ƙarshe a jerina, da gangan. Mai 3D da gaske ya nemi RTX 3050, 4050 ko 4060, gwargwadon aljihu, ya duba yawan ƙwaƙwalwar katin, giga 6 ko 8 ya fi 4. Ya kuma san cewa suna ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne: RTX 4060 a wata kwamfutar wat 45 ake ba shi, a wata fiye da wat ɗari. Siririyar kwamfuta mai babban suna sau da yawa an daƙile ta ne don kada ta ƙone.

Abu na uku, wanda masu bidiyon talla a YouTube ba za su taɓa gaya muku ba, don su ba a nan suke zaune ba: kuran.

A Nijar wajen mutum ɗaya ne cikin biyar yake da wutar lantarki, a karkara kuwa abin ya fi haka muni nesa. Mu a Guci ba sai an kawo mana alƙaluma ba. Ko a birni, kun tuna Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. A lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can take zuwa, ta Maraɗi da Damagaram ma layin Katsina zuwa Gazawa ne ke kawo ta. Sai a watan Maris 2024 aka maido. Wanda ya yi karatu a waɗannan watanni ya san darajar batiri.

Yanzu ku kwatanta. Kwamfuta ta aiki, cajarta wat 45 zuwa 65 ce. Ta gem, daga wat 150 zuwa 230, wata ma ta wuce. In kana buga wasa a batiri, awa ɗaya zuwa biyu ta mutu, kuma da ka zare ta daga wuta take rage ƙarfinta da kanta. Ma'ana ƙarfin nan da aka saida rago dominsa sai tana jone da kuran kake samunsa.

Mu yi lissafin sola, tunda shi ne gatanmu. Na'ura mai cin wat 60, awa biyar na aiki, wat-awa 300 ke nan. Mai cin wat 180, awa biyar, 900. Batirin sola na bolt 12 mai amfiya 100 yana ɗaukar 1,200, amma irin na gubar nan rabi kawai ake sha in ana so ya daɗe, saura 600. Kun ga ta farko ta wuce lafiya har da ragowar cajin waya da fitila. Ta biyu sai an ƙara batiri, an ƙara fano, an sayi konbatisa na gari. Duk wannan kuɗi ne da ba a rubuta a jikin kwalin ba. Kuma don Allah kada a jona ta kai tsaye a ƙaramin janareto mai hawa da sauka. A sa regilata a tsakani. Caja guda ta irin wannan kwamfuta ba a samunta a kowane gari.

Ga zafi, ga ƙura. A watan Afrilu da Mayu ma'auni na wuce 40 a inuwa. Furosesa in ya kusa digiri 100 sai ya rage gudu don ya tsira, kai kuwa ka ga na'urar ta zama kunkuru. Lokacin hunturu kuma fankokinta biyu suna zuƙar ƙura kamar mai shara, ta toshe hanyar iska. Kada a ɗora ta kan katifa ko tabarma mai gashi. A ɗaga bayanta ko da kan littafi ne, a rufe ta in an gama, a kai a buɗe a share ta lokaci zuwa lokaci wajen wanda ya iya.

Wasu za su ce to MacBook fa? MacBook Air mai M1 zuwa sama ba shi da fanka ko ɗaya, cajarsa wajen wat 30 ce, batirinsa na kai yini, ekransa kuma yana da kyau ga zane. Ta fuskar wuta da ƙura ya dace da mu. Amma RAM ɗinsa ba a ƙarawa, yawancin manyan wasanni ba sa hawa kansa, kuma in ya lalace mai gyaransa da kayansa suna nesa. Kowa ya auna da inda zai zauna.

Abu na huɗu, ranar saye.

Yawancinmu ba sabuwa za mu saya ba, okaziyo ce, ko a shagunan Damagaram, ko a Yamai, ko a titin Beirut da Farm Centre a Kano. Babu kunya a ciki. Kwamfutocin ofis irin ThinkPad, Latitude, EliteBook, da manyansu na aikin zane irin ZBook da Precision, an ƙera su don su jure, kuma kayan gyaransu suna yawo a kasuwa. Sayen na gari mayar da kuɗi gida. Sai dai gani ya kori ji. Kada ka tura kuɗi saboda hoton WhatsApp. Je da ƙafarka, ko ka aiki wanda ya sani kuma yake jin tsoron Allah.

In ka je, ka zauna da ita ko da rabin awa ne. Buɗe bayanan na'urar ka ga lambar furosesa da idonka, kada ka dogara da takardar da aka manna a jiki. Buɗe tagar umarni ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fiddo maka ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage yanzu. Sa farin hoto ya cika ekran, sannan baƙi, ka nemi tabo. Danna kowane harafi. Gwada kowace ƙofa da kile. Sa ta aiki mai nauyi ka saurari fankar, ka taɓa jikinta. Shiga BIOS ka tabbata babu kalmar sirri. In Mac ce, mai shago ya fidda asusun iCloud na tsohon mai ita a gabanka, in ya ce “ai za a buɗe daga baya”, tashi ka tafi. Ka karɓi rasit mai lambar na'urar, da garanti a rubuce ko na sati biyu ne. Rasit ɗin nan shi zai fisshe ka a hanya, shi zai fisshe ka in ta zama ta sata.

Ƙaramin abu amma yana cizo: kilabiye. Wadda ta fito ta Kano galibi QWERTY ce, mu kuwa da AZERTY muka koya, kuma rubutun faransanci na son wasulla masu hula. Ana iya sauyawa a cikin Windows, amma ka san da shi kafin ka biya. Wanda zai sayo da naira kuma ya tambayi canjin ranar, kada ya yi lissafi da na watan jiya.

Abu na biyar, manhaja.

Adobe haya ake yi, kowane wata sai ka biya, kuma sai da katin banki. Shi ya sa kowa ke gudu wajen fasasshe. Ku sani fasasshiyar manhaja ita ce babbar ƙofar ƙwayar cuta, ranar da za ta kulle maka aikin shekara ba za ta yi sallama ba. Akwai na kyauta na halal: Inkscape don tambari, GIMP don hoto, Krita don zanen hannu, Scribus don tsara littafi, Blender don 3D. Affinity ma, wanda Canva ya saya a 2024, ya zama kyauta tun ƙarshen Oktoba 2025. Yawancinsu ba sa neman babbar na'ura, kuma in ka sauke sau ɗaya, kile guda ya ishi fada guda, ba sai kowa ya ƙona forfensa ba.

Ina so ku ji wannan da kyau. Na ga yara suna fidda afish da PixelLab a waya wanda ya fi na mai kwamfutar miliyan. Abin da ya raba su ido ne: sanin inda za a bar fili, wane harafi zai zauna da wane, launi nawa ya isa. Wannan da fensir da takarda ake fara koyonsa. Na'ura tana ƙara wa mai iyawa sauri ne kawai.

Yanzu dalilin da ya sa mu a ƙungiya muka ɗauki zancen da nauyi. Kundin da aka sa wa hannu a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da turanci harsunan aiki. To wa zai tsara littattafan yara da Hausa? Wa zai yi afish na rigakafi da allon gargaɗi da manomi zai karanta? Wa zai yi wa matan da ke tatsar man riɗi da na gyaɗa takardar kwalba da za ta tsaya kusa da kayan waje ba ta ji kunya ba? Ku duba allunan da ke garuruwanmu, ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, har ka rasa ko ƙasa ake nufi ko kasa. Dalili shi ne yawancin salon haruffan da ake saukewa ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Akwai masu su kyauta, irin Noto, Andika da Charis. Mai zanen da ya san wannan, ya iya rubuta Hausa daidai, yana da kasuwar da ɗan Paris ko ɗan Dubai ba zai ƙwace masa ba. Ku kuke da ita.

Don haka ga abin da nake roƙo.

Ɗalibai, ku rubuta buƙatarku a takarda kafin ku nemi kuɗi: manhajar da za ku yi aiki da ita, inda za ku samu wuta, da farashi daga shago uku. Ga mafi yawanku, i5 ko Ryzen 5 na ƴan shekarun nan, RAM 16, SSD 512 da ekran mai gaskiyar launi sun isa har ku gama. Ragowar kuɗin ya tafi ga fano, batiri, linzami, da faifan ajiya na waje don aikinku kada ya tafi da na'urar ranar da ta mutu.

Masu 3D, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum huɗu ko biyar su haɗa su sayi kwamfutar tebur guda mai ƙarfi. A kuɗi ɗaya ta fi ta hannu ƙarfi, ta fi jure zafi, ana kuma sauya mata kaya ɗaya bayan ɗaya. A yi mata jadawali a rubuce, a san mai riƙe makulli. Ranar hutu in an gama aiki a buga gem a kanta, ba wanda ya hana.

Yayyenmu da suka riga mu fita, ku zama masu rakiya. In an ce ɗan wane zai sayi na'ura, ku ba da awa guda ku duba masa. Sadaka ce.

Hukumomin komin ɗinmu da na gunduma kuma, abin da muke nema bai fi ƙarfinku ba: ɗaki guda mai sola da ƴan kwamfutoci da rezo, inda yaron da ubansa ba shi da ragon sayarwa zai zauna ya koya. In kuma za ku ba da aikin bandarol ko afish, ku fara tambaya a gida kafin ku aika birni. Za mu rubuto a takarda, za mu kuma dawo mu ji amsa.

Iyayenmu, in yaro ya bugo waya, kada ku ji nauyin tambayarsa. Ku ce ya faɗa muku da Hausa abin da na'urar za ta yi. Wanda ya san abin da yake so zai iya bayani.

Wanda yake da tambaya kan wata kwamfuta da aka yi masa tayi, ya kawo lambarta bayan an tashi, mu duba tare. Allah ya yi wa karatunku albarka, ya sa ku amfani iyayenku da garinku.